Yadda wasan kwaikwayo ya taso a ƙofar wuraren bauta, da abin da ke haɗa su faɗa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin wasan kwaikwayo a Samaru ta Zariya ya ji ana cewa wasa daga bauta ya samo asali. Wanda kuma ya saba zama majalisin wa'azi a cikin birni ko Tudun Wada, da wuya a ce bai taɓa jin an yi wa 'yan wasa tatas ba. Kowace magana a cikin biyun nan da gaskiyarta, sai dai babu wadda ta isa ita kaɗai. Abin da tarihi ya nuna, daga Girka har Japan, shi ne addini ke ba wasa lokacin da za a yi shi, da filin da za a taru, da labarin da za a nuna, sau da yawa har da mai biyan kuɗi. Rigimar kuwa kusan kullum a kan tambaya ɗaya take tashi: wannan da ya sa tufafin wani ya fito gaban jama'a, shi ɗin ne ya sauko, ko kwaikwayonsa ake yi? Idan kwaikwayo ne, wa ya halatta a kwaikwaya?

Tsohuwar shaidar da ake yawan kawowa daga Masar take. Wani bafade mai suna Ikhernofret, a zamanin Fir'auna Senusret na Uku, wajen shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bar rubutu a kan dutse yana bayanin yadda ya shirya bikin gunkin Osiris a garin Abidos: an fito da gunkin cikin jirgin ruwa, an yi yaƙin ƙarya da maƙiyansa, an mai da shi ɗakinsa. Masana ba su haɗu a kan kiran wannan wasan kwaikwayo ba, don babu alamar an ware 'yan kallo daban da masu bauta.

A tsohuwar Atina ta ƙasar Girka ne aka fara ganin abin dalla-dalla. Kowace shekara wajen ƙarshen watan Maris ana bikin abin bautarsu Diyonisus. Za a ɗauko gunkinsa a zaga gari da shi, a kawo shi filin wasa a ajiye, wato shi ma ɗan kallo ne. A yanka ɗan alade don tsarkake filin, shugabannin yaƙi goma su kwarara giya a ƙasa, babban mai hidimar gunkin ya zauna a kujerar tsakiya ta sahun gaba. Ƙabilun birnin goma ne, kowace ta kawo 'yan amshi maza 50 da yara 50, mutum dubu ke nan a gasar waƙar yabon gunki kawai. Aristotal ya ce daga masu ba da waƙa a irin wannan amshi wasan ban tausayi ya fito. Ana cewa wani Tesfis ne, wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa, ya fara ficewa daga cikin 'yan amshi ya yi magana da bakin wani mutum daban. Marubuci Eskilus ya ƙara ɗan wasa na biyu, marubuci Sofokilis ya ƙara na uku, aka tsaya nan. Mutum uku ke raba dukkan matsayin da ke magana, suna sauya fuskar aro, kuma duk maza ne.

Tsarin kuɗin ma abin lura ne. Hukumar birni ce ke zaɓen marubuta uku, kowanne a ba shi yini guda ya nuna wasannin ban tausayi uku da na raha ɗaya. Sai a ɗora wa wani attajiri nauyin ciyar da 'yan amshi da ɗinka musu kaya, ya so ko ya ƙi, tamkar haraji. Alƙalan gasa kuwa da ƙuri'a ake fitar da su. Abin bai rasa tangarɗa ba. Wani marubuci, Firinikus, ya nuna faɗuwar garin Miletus a hannun Farisawa, jama'a suka ɓarke da kuka, aka ci shi tarar dirhami dubu na kuɗinsu don ya fama musu ciwo. Eskilus kansa an tuhume shi da tona asirin wata bauta ta ɓoye a kan dandamali. Amma a shekara ta 405 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin wasan raha Aristofanis ya fito da Diyonisus a matsayin matsoraci mai neman mafaka wurin mai hidimarsa da ke zaune a gaba, a bikin gunkin kansa, kuma shi ya ci gasar. A wurin Girkawa, yi wa abin bauta dariya bai kai tona asirinsa laifi ba.

Rumawa sun gaji abin, suka soma nuna wasanni a bukukuwan gumakansu tun shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Dattawan Rum sun daɗe suna hana gina gidan wasa na dindindin. Da shugaban yaƙi Fomfe ya gina na dutse a shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ya ɗora ɗakin bautar gunkiyarsu Benus a can saman kujerun, ya ce kujerun matakala ce ta hawa ɗakin bauta. Wannan cuɗanya da gumaka, haɗe da batsar da ta cika wasannin ƙarshen daular da kuma yadda ake yi wa baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, ba'a a dandamali, ita ta sa Kiristocin farko suka ɗaura yaƙi da wasa. Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi sukutum wajen shekara ta 200 yana hana Kirista zuwa kallo. Aka hana ɗan wasa shiga wasu ibadun coci sai ya bar sana'ar. Taron manyan malaman coci a Ƙusɗanɗiniyya a 692 ya sake jaddada hanin.

Sai ga shi cocin da ta kori wasa ita ta dawo da shi a Turai, kuma muna da rubutaccen umarnin yadda ake yi. Wajen 970 Bishop Etelwold na Winchesta a Ingila ya tsara wa ruhubanawa abin da za su yi da asubar ranar Ista. Mutum huɗu za su shirya. Ɗaya ya sa farar riga, ya sulale kamar wani abu ya kai shi, ya zauna kusa da wurin da aka mai da kabarin Annabi Isa, riƙe da ganyen dabino, shi ne mala'ika. Ukun su yafa mayafi, su riƙe kaskon turare, su taho a hankali kamar masu neman wani abu, su ne matan da suka zo kabarin. Mala'ika ya tambaye su da waƙa wa suke nema, su amsa, ya ce musu ba ya nan, ya nuna musu likkafani babu kowa, su ɗaga shi jama'a su gani, a kaɗa ƙararrawa. Wannan aƙidar Kirista ce, ta saɓa wa abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, amma ta fuskar sana'a duk sassan wasa sun cika: matsayi, tufafi, kayan aiki, tafiya, zance. Dalilin yinsa kuma a fili yake. Ibadar da Latin ake yi, talaka bai ji, sai a nuna masa da ido.

Bayan an kafa idin Jikin Almasihu a 1264, wasan ya fita titi, ya koma harshen gari, ya faɗa hannun ƙungiyoyin masu sana'a. A garin Yok na Ingila ana nuna gajerun wasanni kusan 48 a yini guda, daga halittar duniya har tashin ƙiyama, kowanne a kan amalankensa. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ake haɗuwa, amalanke ya tsaya a tasha ta farko a yi wasa, ya gaba, na bayansa ya maye gurbinsa, haka har tasha goma sha biyu ko fiye. Rabon aikin ya bi sana'a: masu sassaƙa jirgi su ne da jirgin Annabi Nuhu, masu gasa burodi da jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, maƙeran zinariya da sarakunan da suka kawo masa kyauta yana jariri. Ƙungiyar da ta yi sakaci a ci ta tara. Matsalar farko lissafi ce, don idan amalanke ɗaya ya makara, duk na baya sun makara, na ƙarshe su tarar da duhu. A 1431 maginan Yok sun kai kuka cewa dare ke riskar wasansu, kuma dariya da hayaniya yake jawowa maimakon tsoron Allah. Wannan ita ce matsala ta biyu, kuma ita ta fi girma. Shaiɗanu da azzalumin sarki da matar Nuhu mai taurin kai su suka fi burge 'yan kallo, masu wasa kuma suka riƙa ƙara musu gishiri. A 1548 aka hana irin waɗannan wasanni a Faris, na Yok ya tsaya bayan 1569, a 1642 masu tsattsauran ra'ayin addini suka rufe gidajen wasan Landan, sai 1660 aka buɗe. Moliye na Faransa, wanda aka hana wasansa kan munafukin mai nuna tsoron Allah a 1664, da ya mutu a 1673 sai da sarki ya sa baki kafin aka binne shi, shi ma da dare. Ƙauyen Oberammergau na Jamus dai ya riƙe alwashin da ya ɗauka lokacin annoba a 1633, har yau kusan duk shekara goma suna wasansu.

A Indiya ba a yi wannan korar ba. Tsohon littafinsu na ƙa'idojin wasa, Natyashastra, mai kusan shekara dubu biyu, cewa ya yi abin bautarsu Brahma ne ya tsamo zance da waƙa da motsi da shauƙi daga littattafansu huɗu masu tsarki ya haɗa wasa, don waɗanda aka hana jin littattafan su ma su samu rabo. Littafin ya ce a wasan farko aljanu suka tayar da hargitsi don an nuna an ci su da yaƙi, shi ya sa aka gina ɗakin wasa kuma ake tsarkake dandamali kafin a fara. A Japan, wasan No da Kan'ami da ɗansa Zeami suka gyara a ƙarni na 14 ana yinsa a dandamali mai faɗin kusan mita shida, da zanen itace guda a bango da wata gada da fatalwa ke bi ta shigo, mai tarbarta kuma galibi matafiyin malamin addinin Buda ne. Kabuki kuwa wata mata, Okuni, da ake cewa mai hidimar ɗakin bauta ce, ta fara shi a 1603. A 1629 hukuma ta hana mata fitowa saboda fitinar da ake yi a kansu.

Masu cewa Musulmi ba su san wasa ba sai da Turawa suka zo ba su bincika ba. Ibn Daniyal, likitan ido ɗan Mausil da ya zauna Alƙahira ya rasu a 1310, ya bar wasannin inuwa uku a rubuce. A Turkiyya wasan inuwa na Karagoz da dararen azumi aka fi saninsa. A tsibirin Jawa na Indunusiya mutum ɗaya ke zama bayan farin ƙyalle da fitila, ya kafe 'yan tsanar fata a jikin kututturen ayaba, ya yi ta magana da muryoyinsu daga bayan lisha har asuba, kuma mutanen can suna danganta amfani da wasan wajen yaɗa Musulunci ga waliyyinsu Sunan Kalijaga. A duk ukun nan fata ce da inuwa ke ɗaukar matsayi, jikin mutum yana ɓoye, wannan ya rage gardama ƙwarai.

Inda mutum ya fito da jikinsa shi ne ta'aziyyar Iran, wadda ke nuna kisan Sayyidina Husaini a Karbala a shekara ta 61 bayan hijira, wato 680. Ta bunƙasa a ƙarni na 19, har Sarki Nasiruddin Shah ya gina mata katafaren zaure a Tehran mai cin dubban mutane. Dabarunta sun cancanci nazari ko ga wanda bai yarda da ita ba. Dandamalin a tsakiya yake, jama'a kewaye. Daro cike da ruwa shi ne kogin Furat, yankakkiyar ciyawa ita ce rairayin sahara, zagaye ɗaya a kan doki tafiya ce mai nisa. Mutanen Husaini kore suke sawa kuma rera zancensu suke yi, maƙiya ja suke sawa kuma da tsawa suke magana, babu rerawa. Matsayin mata maza ke yi, fuska a lulluɓe. Da yawa ɗan wasa yakan riƙe takardar zancensa a hannu ko da ya haddace, don a san karantawa yake, bai ce shi ne Imamin ba. Mai fitowa a Shimr, makashin, akan gan shi yana kuka yana aikin. Duk wannan amsa ce ga tambayar nan ta wa ya fito.

Malaman Sunna na zamani sun kasu. Masu hani suna kafa hujja da cewa wasa ƙarya ce, da hanin kwaikwayon mutum don muzanta shi, da hanin namiji ya yi shigar mace, da cuɗanyar maza da mata. Masu halattawa da sharaɗi suna cewa buga misali ne wanda mai yi da mai kallo duk sun san ba gaske ba ne, suna kawo hadisin Habashawan da suka yi wasa da masu a masallacin Annabi (SAW) ranar idi Nana A'isha tana kallo. Inda manyan majalisun fatawa kamar na Azhar da Rabiɗa suka tsaya kai da fata shi ne ba a fitowa a matsayin annabawa. Shi ya sa a fim ɗin Mustafa Akkad na 1976 kan farkon Musulunci ba a nuna Annabi ba, ba a kuma ji murya da sunansa ba.

A gida Nijeriya, masu wasan yawo na Yarbawa daga dodannin Egungun na kakanni suka fito, Hubert Ogunde kuma wasansa na farko a 1944 wata coci ce a Legas ya shirya wa. A ƙasar Hausa gardamar a kan bori take. Mai kallon bori zai ga duk kayan wasa. Kowane iska da kiɗansa na garaya ko goge, da tufarsa, da tafiyarsa: Ɗan Galadima da babbar riga da kyautar ɗan sarki, Malam Alhaji da tari irin na tsoho da carbi, Kuturu da naɗaɗɗun yatsu, Sarkin Rafi da haukan tsalle yana faɗowa da mazaunai. Sai dai wanda iska ya hau, doki ko goɗiya, ba ya cewa kwaikwayo yake. An yi masa girka, an killace shi kwanaki ana ba shi magani, in iskan ya sauka da atishawa yakan ce bai san abin da ya faru ba, masu zuwa kuma magani da biyan bukata suka zo nema. A ganinmu wannan ya fitar da bori daga wasa, kuma shi ne dalilin da malaman jihadin 1804 suka yaƙe shi a matsayin shirka, Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru don mata su samu wata mahaɗar. Ranar da ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta yi rawar Sarkin Rafi gaban baƙi, babu girka babu hawa, ranar ya zama wasa.

Tashe shi ne wasan da ya zauna lafiya da Musulunci a nan, kuma ba a ba shi girman da ya kamata. Kalandar addini ce ta ba shi lokaci, wato daga goma ga azumi, bayan an sha ruwa. Filinsa ƙofar gida da tsakar gida, ladansa hatsi ko 'yan kuɗi da ake bayarwa da sunan sadaka. Kayan aikinsa ba su wuce abin da ke cikin gida ba: auduga a manna a haɓa a yi gemu, tsumma a cusa a riga a yi tumbi, gawayi, sanda, tsohon buzu da allo. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu suna koya wa juna zaman aure, samari su yi Jatau mai magani suna jero sunayen itatuwa. Har malami ana taɓawa: yaro ya naɗa rawani, 'yan amshi su ce ya yi rawa, ya musanta, a ƙarshe ya taka. Malaman zaure sun ga wannan shekara da shekaru ba su tayar da jijiyar wuya ba, don hali ake kwaikwaya, ba a kama sunan kowa, kuma wanda ke cikin rawanin ɗan maƙwabci ne da kowa ya sani.

Zariya na da hannu a abin da ya biyo baya. Daga hukumar talifi ta nan Rupert East ya fitar da wasannin Hausa shida a shekarun 1930, nan kuma aka buga wasannin Shu'aibu Maƙarfi irin su Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu, masu cike da wa'azi kan tarbiyya da aure. A 1975 Michael Etherton ya soma koyar da wasa a Jami'ar Ahmadu Bello, aka gina gidan wasa na ƙasa da Steven Ehrlich ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗalibai suka riƙa fita Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa da manoma kan matsalolinsu. Mai irin wannan aiki ya san ƙa'idojinsa. Ana fara gaida dagaci da liman kafin a kafa komai. Ana sa wasa tsakanin la'asar da magariba, a gama kafin kiran salla, in ba haka ba fili ya watse a tsakiyar zance. Matan kulle kuma sai mata sun shiga gida sun yi musu nasu. Rashin irin wannan tuntuɓa na cikin abin da ya kashe shirin gina ƙauyen fim a Kano a 2016, bayan malamai sun yi ca a kansa.

Makarantun Islamiyya da ke shirya wasa ranar sauka ko walima su ne magadan wannan doguwar gardama, kuma kurakuransu sanannu ne. Labarin annabi ko sahabi a bar shi a bakin mai ba da labari, yara su fito a matsayin mutanen gari da abin ya shafa. Kada a sa wa yaro kalmar kafirci ko zagin addini a baki da sunan shi ne mugu, ana iya nuna muguntarsa ta aikinsa. Lafazin aure da saki a yi hattara da shi, musamman in manya ne ke wasan kuma akwai aure tsakaninsu, don hadisi ya ce wasansu gaske ne. Wasan kada ya wuce minti 20 zuwa 30, in ya zarce ƙananan yara sun fara guje-guje. Matsalar maginan Yok kuma tana nan: boka da ɗan daba su ke kwashe dariya da tafi, malamin da ya zo gyara a ƙarshe ya tsaya yana doguwar nasiha babu mai saurare. Maganinta a rage wa boka fitowa, a ba mai gaskiya abin yi da hannunsa maimakon jawabi. Sannan a duba wa ake ba mugun matsayi, don yaron da ya fito a Fir'auna sau ɗaya yana iya kai shekaru ana kiransa da sunan a unguwa. Gara a riƙa juya matsayin tsakanin yara, kuma da an gama a kira kowannensu da sunansa na yanka gaban iyaye, ya cire kayan wasan a nan kowa yana gani.